Datarka ce ka saya, to me ya sa hosfot yake ƙi?

Kamar yadda muka saba, ga shirin a rubuce saboda waɗanda datarsu ba za ta kai su saurari murya ba, da waɗanda sabis ɗin garinsu ba ya iya buɗe sauti sai da dare.

Yau maganar hosfot za mu yi. Wato ka kunna wayarka ta zama kamar rijiya, ƙanenka ya ɗiba da tasa wayar, kai ma ka jona laftof ɗinka ka yi aiki. Tambayar da ta fi yawa a saƙonnin da kuke turo mana daga Bodinga, Sifawa, Danchadi, Shagari da Kajiji ita ce: na sayi data, tana aiki lafiya a waya, amma da na kunna hosfot sai ta tsaya cak, ko kuma ta ƙare kamar an fasa tulu. Kamfani ne ya toshe ni, ko me?

Amsar a taƙaice: wani lokacin kamfanin ne, wani lokacin wayarka ce, wani lokacin kuma irin datar da ka saya ce. Ya kamata ka iya bambance su, don wanda bai san inda ciwo yake ba, ba zai san inda zai kai kuka ba.

Wanda ke zaune a Legas ko Abuja zai ga kamar ƙaramar magana ce, don shi yana da waifai a gida, akwai a ofis. Mu nan ba haka ba ne. Ka bi titin da ya tashi daga Sakkwato ya ratsa Bodinga ya wuce Shagari har Tambuwal, ka sauka ka shiga ƙauyukan da ke gefe, ka nuna min gida nawa aka ja wa wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa. A gida mai mutum goma sha biyar, wataƙila waya biyu ce ko uku masu buɗe intanet, kuma sau da yawa ɗaya ce ke da data a lokaci guda. Ita ce intanet ɗin gidan gaba ɗaya. Da ita ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ya zo hutu zai tura aikinsa, da ita za a duba sakamakon JAMB, da ita za a cike neman bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a watan Mayun 2024. Mai POS a bakin kasuwa ma, idan layin cikin na'urarsa ya ƙi, wayarsa yake jona mata ya sallami mutanen da suka yi layi. Don haka idan aka taƙaita hosfot, ba mutum ɗaya aka taƙaita ba.

Mun ma ga yadda rashin sabis yake. A watan Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar nan saboda matsalar 'yan bindiga. Wanda ya ga yadda mutane suka riƙa shiga mota don kawai su je inda za su yi kira ko su karɓi kuɗin da aka turo musu, ba sai an yi masa dogon bayani kan darajar sandar sabis guda biyu a saman waya ba.

To, ta yaya kamfani yake gane cewa ka kunna hosfot? Mutane da yawa suna ɗauka ba zai iya sani ba, tunda layi ɗaya ne, waya ɗaya ce. Yana iya sani, kuma hanyar ba wata tsafi ba ce.

Duk abin da ka aika ta intanet, ba a dunƙule yake tafiya ba. Ana yanka shi ƙanana-ƙanana, kowane yanki da adireshinsa, kamar ƙullin kaya a tashar mota. A jikin kowane ƙulli akwai wata lamba da ake kira TTL. Aikinta shi ne kada ƙulli ya ɓata ya yi ta yawo har abada, saboda haka duk tashar da ya ratsa sai a rage ɗaya daga lambar, idan ta kai sifili a jefar da shi. Wayar Android da iPhone suna fara lambar daga 64. Kwamfuta mai Windows tana farawa daga 128. Idan da wayarka kake buɗe shafi, ƙullin zai fita da 64 ɗinsa cif. Amma idan wayar ƙanenka ce ta bi ta taka, taka ta zama tasha kenan, sai ta rage ɗaya, ya fita da 63. Idan laftof ce, ya fita da 127. Na'urar kamfani tana ganin haka ta san akwai wani a bayanka. Kamar kwandasta ne ya ga tikiti ɗaya amma ƙafa huɗu a ƙarƙashin kujera.

Ba ita kaɗai ba ce. A cikin saitin waya akwai abin da ake kira APN, wato ƙofar da wayarka take bi ta shiga intanet ɗin kamfani. Ana iya tsara waya ta yadda aikin hosfot zai bi ta wata ƙofa daban, kamfani ya ƙirga shi daban, ko ya rufe ƙofar. Shi ya sa wasu masu iPhone, musamman waɗanda aka shigo da su na hannu daga waje, suke neman wurin kunna hosfot su rasa gaba ɗaya, sai an gyara saitin ƙofar ya dawo. Sannan akwai duba irin zirga-zirgar da ke fita daga layin. Idan layin waya yana ta magana da rumbun sabunta Windows, ai ba sai an kira boka ba, an san akwai kwamfuta a wurin.

Wannan ke nan game da ganewa. Yanzu me suke yi da abin da suka gane?

A Najeriya, datar gama-gari, wadda kake saya ta *312# ta kwana ɗaya ko mako ko wata, galibi tana tafiya a hosfot ba tare da matsala ba. Wannan gaskiya ce, kuma ya kamata a faɗe ta. Inda rigima take shi ne sauran nau'o'in.

Akwai datar soshiyal, wadda aka ce ta WhatsApp ce kawai, ko Facebook, ko TikTok, ko YouTube. Tana da arha, shi ya sa matasanmu suka fi sayenta. Amma an ɗaure ta ne da waɗannan manhajojin. Da ka jona laftof, ita laftof ba WhatsApp kaɗai take nema ba, tana neman abubuwa goma a bayan fage, kuma babu ɗaya a cikinsu da datar soshiyal ta sani. Sai ka ga alamar waifai ta kama amma shafi ya ƙi buɗewa. Mafi muni, idan kana da ragowar babbar data, daga ita za a riƙa cira, idan kuma layinka yana kan tsarin cin kati bayan data ta ƙare, katinka ne zai tafi, alhali kana kallon giga biyu na soshiyal a zaune ba a taɓa ba.

Akwai kuma wadda ake tallata da sunan "mara iyaka". Duk inda ka ga wannan kalma, ka nemi ƙananan rubutun da ke ƙasa. Kusan kullum akwai sharaɗin cewa idan ka kai wani adadi za a rage maka gudu, wani lokacin a rage shi har ya zama saƙon rubutu kawai yake wucewa. Mutum ɗaya da waya ɗaya zai iya kai ƙarshen wata bai taɓa wannan iyakar ba. Gida guda a kan hosfot zai cinye ta cikin mako. Sannan akwai tsare-tsaren da aka yi don rauta ko MiFi kawai, waɗanda ba za ka iya saya a layin wayarka ba, da kyautar data da ba ta aiki sai a wani lokaci na dare ko a kan 4G kaɗai.

Na ga wannan da idona lokacin da muka zauna a Shagari muna taya matasa cike fom ɗin neman aiki a intanet. Laftof biyu, waya ɗaya, mutum sama da ashirin suna jira a inuwa. Mun sayi wata data da wani kamfani ya turo tallarta a saƙo, babu inda saƙon ya ce ga abin da ba za ta yi ba. A waya tana gudu, a laftof ko shafin farko ya ƙi buɗewa. Da na kira su, sai bayan dogon jira aka ce ai wannan tsarin ba a yi shi don haka ba. Wani dattijo da ya rako ɗansa ya dube ni ya ce, "To ɗana, su da sun ka sai da maka, mi ya hana su hwaɗi tun farko?" Ban da amsar da zan ba shi. Kuɗin wata datar muka sake haɗawa, kuma wasu sai washegari suka samu shiga.

Bari in faɗi hujjar kamfanonin, don adalci. Ƙarfen sabis guda yana da iyakar abin da zai iya ɗauka a lokaci ɗaya, kuma duk wanda ke ƙarƙashinsa rabawa suke yi. A birni ƙarafan suna kusa da juna. A ƙauye ƙarfe ɗaya ne yake ɗauke da garuruwa da dama, ga kuɗin man dizal saboda rashin wuta, ga ɓarayin batir, ga masu aikin titi da ke tsinka wayar ƙasa. Idan mutum ɗaya ya sayi mara iyaka ya jona wa unguwa guda, ko ya buɗe shagon sauke finafinai da ita, sauran jama'a ne za su ji a jikinsu. A Amurka a 2015 shugaban kamfanin T-Mobile na lokacin, John Legere, ya fito fili ya yi faɗa da wasu tsirarun masu amfani da layinsu da ke ɓoye hosfot suna jan data mai yawan gaske a wata. Wannan damuwa ce ta gaske, ban raina ta ba.

Amma ku lura da kyau, wannan hujjar tana aiki ne a kan mara iyaka kawai. Idan na biya kuɗin giga 10, giga 10 ne, ko da waya na sha shi, ko da laftof, ko na raba wa ƙannena biyar. Nauyin da zai ɗora wa ƙarfen sabis bai wuce giga 10 ɗin da aka riga aka karɓi kuɗinsa ba. Mai sayar da ruwa da ya cika maka jarka ba shi da hurumin cewa kai kaɗai za ka sha, kada ka ba baƙo. Duk wani sharaɗi da aka ɗora wa data mai adadi don hana raba ta, a ganina ba kare netwok ba ne, dabarar sa gida ɗaya ya sayi data sau uku ce. Ko a kan mara iyakar ma, abin da ya dace shi ne a rubuta adadin ƙarara a cikin tallar, da girman rubutu ɗaya da kalmar "mara iyaka", ba a ɓoye shi a wani shafi da sai mai data zai iya buɗewa ba.

Wasu ƙasashen sun riga sun yi wannan rigimar. A Amurka, kamfanin Verizon ya kasance yana karɓar ƙarin dala 20 a wata kafin ya bar mutum ya yi hosfot, har ya sa aka ɓoye wa masu layinsa manhajojin da ke ba su damar yi ba tare da biya ba. A watan Yulin 2012 hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta sa ya biya dala miliyan 1.25 ya kuma daina toshe manhajojin. A Ingila, hukumar Ofcom ta binciki kamfanin Three a 2018, kamfanin ya amince ya cire takunkumin hosfot daga tsare-tsarensa. Wadda ta fi kama da tamu ita ce ta Jamus. Vodafone yana da wani tsari irin datar soshiyal ɗinmu, inda wasu manhajoji ba sa cin babbar data, amma idan ta hosfot ka buɗe su sai a cira daga babbar. Ƙungiyar kare masu sayayya ta kai ƙara, magana ta kai Kotun Tarayyar Turai, kuma a ranar 2 ga Satumba 2021 kotun ta ce irin wannan tsarin ya saɓa wa dokar da ta ce a ɗauki duk zirga-zirgar intanet daidai wa daida. Indiya kuwa tun a watan Fabrairun 2016 ta hana sayar da data a farashi daban-daban bisa shafin da mutum zai buɗe.

Ba ina cewa mu kwafo nasu kai tsaye ba. Idan aka soke datar soshiyal gobe a Najeriya, talaka ne zai fara kuka, don da yawa ita ce kaɗai suke iya saya, ballantana tun da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Abin da nake so ku ɗauka shi ne, waɗannan sharuɗɗan mutane ne suka rubuta su, kuma an sha tilasta wa kamfanoni su sauya su.

Mu ma muna da abin riƙewa. Dokar Sadarwa ta 2003 ita ta ba NCC ikon sa ido a kan farashi da kare mai amfani da layi. A 2019 hukumar ta fitar da ƙa'idar aikin intanet, wadda a cikinta aka hana masu ba da intanet toshe halastaccen shafi ko manhaja ko na'urar da ba ta cutar da netwok, aka kuma hana rage gudu haka kawai, sai dai don tafiyar da netwok ta hanyar da ta dace. Laftof ɗinka halastacciyar na'ura ce. Sai dai wannan togaciyar ta "tafiyar da netwok" ƙofa ce mai faɗi, kuma ta nan ake bi. A 2024 kuma hukumar ta umarci kamfanonin su sauƙaƙa tsare-tsarensu, su rage yawansu, su bayyana sharuɗɗan kowanne a fili yadda mutum zai gane kafin ya biya. Tambayata ga NCC ita ce, a fili da wane harshe? Mutumin Dandin Mahe ko Dingyadi da ke sayen data ta hanyar danna lambobi a ƙaramin allo, layi biyu na Turanci yake gani, sai "danna 1". Kamfanonin nan sun iya Hausa sarai idan talla za su yi a rediyo. Sharaɗi ne kawai ba su iya fassarawa ba.

Kafin ka ɗora wa kamfani laifi, ga abin da za ka fara dubawa, don sau da yawa matsalar tana hannunka.

Danna *323# ka ga wace irin data ce ta rage maka. Idan ta soshiyal ce ko kyautar dare, ka sami amsarka. Idan babbar data ce kuma hosfot ya ƙi kunnuwa, duba ko ka kunna tsarin tsimin data na wayar, don a Android muddin yana kunne ba zai bari hosfot ya tashi ba. Wayoyi da yawa, har da Tecno da Infinix da itel da suka cika hannunmu, suna da wurin saka iyakar data ko iyakar mutanen da za su jona, wani lokacin wani ne ya taɓa shi ya manta. Idan tsohuwar laftof ce ba ta ganin sunan wayarka sam, sauya zangon hosfot ɗin daga 5 GHz zuwa 2.4 GHz. Ko kuma ka haɗa su da wayar caji kai tsaye, ya fi ƙarfi, kuma wayar ba za ta yi zafi ta cinye batir ba, abin da ba ƙaramin lamari ba ne a garin da wuta ke zuwa kamar baƙo.

Maganar saurin ƙarewa kuwa, a nan ne aka fi zargin kamfani da sata, alhali kwamfutar ce ɓarauniyar. Ita laftof da ta ga waifai ɗauka take yi na gida ne mara awo, sai ta fara sabunta kanta, kuma sabuntawa ɗaya ta Windows tana iya cin giga da dama. Wayar ƙanenka ma haka, da ta hau hosfot za ta fara sabunta manhajoji da tura hotuna rumbun ajiya, don an saita ta ta jira waifai. Bidiyo kuma a babban allo yana buɗewa da inganci mafi girma, ya ninka cin data. Maganinsa, ka shiga saitin waifai na kwamfutar ka kunna wurin da aka rubuta Metered connection, wato ka gaya mata wannan ruwan na saye ne, a sha da lissafi. Kuma don Allah a sa kalmar sirri mai ƙarfi. 12345678 ba sirri ba ce, duk yaran majalisa sun san ta.

Akwai masu cewa su sun san hanyar kaucewa, a sauke wata manhaja ko a karɓi wani fayil a guruf ɗin Telegram a yi lilo kyauta. Ni ba na ba da wannan shawarar. Duk abin da ka buɗe zai bi ta na'urar mutumin da ba ka sani ba, kuma a wayar da manhajar bankinka take. Ribar giga biyu ba ta kai asarar asusu ba.

Idan ka duba duk waɗannan, babbar data ce, waya lafiya, amma hosfot ya ƙi ko an ci maka kati ba bisa ƙa'ida ba, to ka ɗauki hoton allo: saƙon tallar, saƙon da ya tabbatar da sayen, da ragowar datar. Ka kira 300, lambar kula da abokan hulɗa ce a duk layukan. Ka faɗi matsalarka, kuma kada ka ajiye waya sai an ba ka lambar ƙorafi, ka rubuta ta. Idan ba su warware ba, ka kira 622, layin NCC ne kuma kyauta ne, za su tambaye ka wannan lambar. Yawancinmu a nan muke tsayawa, mu yi tsaki mu zagi kamfani a majalisa mu sake saye. Hukuma kuwa da abin da aka rubuta take aiki. Ƙorafi ɗaya daga Bodinga ba zai motsa kowa a Abuja ba, amma ɗari biyu a kan tsari ɗaya cikin wata ɗaya dole a buɗe fayil.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Duk wanda hosfot ya taɓa ƙi masa a Bodinga, Shagari, Yabo da kewaye, ya turo mana sunan tsarin da ya saya, nawa ya biya, garin da yake, da abin da ya faru. Kada ku turo lambar waya ko ta NIN a bainar jama'a. Za mu tattara, mu ware wanda matsalar waya ce mu taimaka a gyara, wanda kuma na sharaɗin da aka ɓoye ne mu haɗa shi a takarda ɗaya mu aika wa NCC, tare da buƙatar a riƙa nuna sharaɗin hosfot da Hausa kafin mutum ya danna 1.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba bashin kati da na data, da nawa ake cirewa a kan kowace naira ɗari da ka ranta. Sai mun ji daga gare ku. Wassalamu alaikum.